Ma'ajiyar Biskit

A hawa na uku na wani tsohon bene a Dundee,
inda iskar kogin Tay ke ƙwanƙwasa taga,
jikana Fergus ya dire keji a kan teburi.
"Kaka Morag, ba za mu iya tafiya da hamsta ba.
Riƙe mini Biskit."
Suka tashi Kanada. Ni da ɗan abin muka zuba wa juna ido.

Bai kai ƙwan kaza ba.
Toka-toka, da baƙin zane a gadon baya,
kumatu biyu kamar aljihun mai tsoron gobe.
Ban iya hira da dangin ɓera ba,
sai na yi masa yaren da na sani:
rabin inibi, ɗigon zuma a kan yatsa,
gutsuren ayaba, ɓurɓushin kek na Lahadi.
Yana karɓa hannu bibbiyu kamar mai amsar albashi,
ni kuwa ina kiran abin ƙauna.

Da sanyi ya kama, kwalbar ruwansa
ta fara ƙafewa kafin in gama shayin yamma.
Garin katako a kusurwa kullum sharkaf,
da wani wari mai zaƙi-zaƙi.
Yana ci, yana ramewa.
Keken gudunsa da ke hana ni barci ya yi tsit,
ashe shirun ya fi ƙarar hana barci.

Na san wannan ƙishirwa.
Shekara goma sha ɗaya ina huda yatsa kowace safiya,
ina jiran na'ura ta karanto mini laifin jiya.

Dakta Kinnaird ta tsoma 'yar takarda
a ɗigon fitsarin da na kawo cikin murfin kwalba.
Launi ya juya. Ta dube ni ta saman tabarau.
"Irin waɗannan ƙanana, ciwon sukari kwance yake a jininsu,
mu ne ke tashinsa da cokali.
Me kike ba shi?"
Na fara lissafi. Kafin in kai kan kek murya ta maƙale.

Yanzu dokar gidanmu ke nan:
cokali guda na haɗin hatsi idan dare ya yi,
bayan na tsince busassun 'ya'yan itace ɗaya bayan ɗaya;
yankin kokwamba kamar farce,
ɗan koren ganye, farin dafaffen ƙwai ranar Laraba,
ƙwayar kabewa guda in ya hau sikeli babu gardama.
Ruwa kuwa, ko Tay zai shanye, ba a hana shi.

Mako uku yana mini kallon maci amana.
Sai ranar sharar keji,
na ɗaga ƙoƙon kwakwar da yake kwana ciki:
zabibi bakwai, da gutsuren kek da ya zama dutse,
ya binne su don baƙar rana.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na tuna durowar gefen gadona,
ƙarƙashin safa, gwangwanin alewar madara
da likitana bai san da zamansa ba.
Laifi tudu ne.

Na haɗa nasa da nawa a jaka ɗaya,
na sauka matakala arba'in da biyu zuwa kwandon shara,
na hauro ina haki, ban waiwaya ba.
To, sau ɗaya.

Ba a warkewa, in ji Kinnaird, lallaɓawa ake yi,
kuma kwanan hamsta ba shi da yawa ko da lafiya.
Na ce na sani. Nawa ma ba tuli ba ne.

Daren jiya, ƙarfe biyu,
na ji keke ya motsa: ƙiii, ƙiii, ya tsaya,
ya sake ɗauka a hankali kamar tsoho a kan tudu.
Na kwanta ina saurare har ya gaji.
Da safe na huda yatsa, na rubuta wa Fergus:
"Biskit giram talatin da takwas.
Ni bakwai da ɗigo ɗaya.
Duk muna jin haushin kokwamba."