Haƙoran Giya

Daren Juma'a a Coventry,
ruwa na dukan tagar kicin kamar mai bin bashi.
Na shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur,
na kwantar da motar Ikilima rigingine.
Tsawonta bai wuce damtsena ba,
amma abin da ta ci bana ya kusa kuɗin ragon layya.

Noti goma sha huɗu, kowanne kamar ƙwayar dawa.
Ɗaya ya gangara, ya shige ƙarƙashin firji.
Na durƙusa da tocila a baki,
gwiwata ta yi ƙara,
yarinyar ta ce, Baba, kai ma boris ɗinka ya tafi.

Giyar ta roba ce, haƙora tamanin da ɗaya,
na ƙirga su da tsinken sakace.
Uku sun gutsire, sauran sun kwanta gefe guda
kamar gero bayan iska.
Ba karo ne ya cinye su ba.
Ƙwayar yashi ce guda ta shiga tsakani,
ta sami wurin zama,
ta yi ta ci ba gaggawa,
mu kuwa muna can gefe muna tafi.

Shokozobar hagu na zubar da hawaye,
zoben robarta ya bushe, ya tsage.
Gashin kafet ya naɗe aksul
kamar zare a jikin mazari.
Tayoyin gaba sun yi sanƙo ta ciki,
ta waje kuwa sai ka rantse sababbi ne.

Mista Pardoe ne ya koya mini duba ciki.
Shekara talatin ya yi yana harhaɗa manyan motoci
kafin a sa wa masana'antar kwaɗo.
Yanzu hannunsa na rawa, noti ba ya zama masa,
sai dai kunnen na nan.
Yakan kai taya kusa da kumatu, ya murza ta da yatsa.
In ta yi shiru, bar ta.
In ta yi tsaki, kada ka jira ta yi kuka.

Na yi odar sabuwar giya, an ce sai Talata.
Tseren kuwa gobe ne.
Na janyo kwalin takalmi inda gawar tsohuwar motar take,
na cire mata abin da ya rage,
da babu gara ba daɗi.
Giris kaɗan a kan yatsa, ba da yawa ba,
mai yawa shi ke kiran ƙura.
Ƙarfe ɗaya saura kwata na rufe murfi.

Asabar, zauren wasanni na makaranta,
warin roba da shayi mai sanyi.
Yara takwas a kan dandamali, kowa da rimot a ƙirji,
motoci na zuza kamar an taɓa gidan rina.
Ikilima ce ta uku.
Zagaye na sha biyar, ta uku.
Na sha shida, har ta fara shinshinar ta biyu.

Na sha bakwai, a kwanar da ke kusa da ƙofa,
ɗan hannun da ke riƙe da taya ya karye.
Roba ce ta fam biyu.
Ita kaɗai ce ban duba ba.
Giyar da na hana idona barci dominta
tana can tana juyawa lafiya lau,
motar na zagaye kanta da ƙafa uku.

Na shirya kalmomin rarrashi, ba ta nema ba.
Ta ɗauko motar, ta hure mata ƙura,
ta zura hannu a aljihun rigata
ta zaro sukundireba ba tare da ta tambaya ba.
Mista Pardoe ya matsa mata a benci.

Na buɗe baki zan ce mata laifina ne.
Ta kai taya kusa da kumatu, ta murza.
Baba, yi shiru,
ina saurare.