Inci Huɗu

Ɗakin da Baba ya ɗora wa akori-kurarsa
ya girme ni da shekara biyu.
A ciki na koyi soya kifin Kogin Salmon,
a ciki na yi zazzaɓin farko da na iya tunawa.
A ƙugunsa kuwa, bayan wata 'yar ƙofa,
tukwanen gas biyu na kwance a ɓoye.

Ran Talata na kai su Challis a cika mini.
Wendell ya goge tsatsa da babban yatsa,
ya karanta shekarar da aka buga a wuyansu,
ya ja tsaki. "Lorna, ba da ni ba.
Wa'adinsu ya cika tun Orval na raye."

Na tambayi kuɗin sababbi masu kwanciya.
Da ya faɗa, sai da na nemi kujera.
Ya nuna kejin ƙarfe a bakin shago:
"Waɗancan, ko'ina kika miƙa fanko a ba ki cikakke,
amma ba sa aiki sai a tsaye."

"In na kwantar da su fa?"
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Ruwan ciki ya taso wa baki,
ki ƙyasta ashana za ki dafa shayi,
mu tsinci murfin butarki a wancan ƙauye."

Na dawo gida, na zura ma'auni a ramin.
Faɗi ya isa, zurfi ya isa,
tsawo ne ya gaza da inci huɗu.
Inci huɗun nan kuwa na cikin durowar Baba,
wadda tun ranar jana'iza ban taɓa ba,
kome na nan yadda ya ajiye.

Marlys maƙwabciyata ta zo da zarto da injin walda,
ta tsaya tana tauna cingam, ba ta ce uffan ba.
Na zazzage: fatsa, taswira mai tabon kofi,
kwalbar maganin hawan jini, rabi ya shanye.

Da muka kife katakon, sai ga fensir ɗinsa,
rubutun nan mai jirkicewa hagu:
layi ya ja, kibiya ta nuna sama,
"A yanka nan. In ƙanƙara ta narke."
Ƙanƙara ta narke sau uku tun daga nan.
Shi ya kwanta shekara biyu, bai sake tashi ba.
Marlys ta tofar da cingam, ta ce, "To,
ga mai gida ya ba da izini. Janye."

A kan layinsa muka yanka, ko gashi bai kauce ba.
Ta huda ƙasan ramin, don gas ya fi iska nauyi,
in ya tsiyaya ƙasa yake neman hanya.
Muka sauya tiyo, muka ɗaure kowace da ɗamara,
na shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa.
Ɗaya ta yi ido. Na ƙara mata sifana.
Muka jira.
Shiru. "Kin gama," in ji ta, "kina shirye."

Yau na kwana a gindin dutse, sanyi na cizo.
Na murɗa, wuta ta fito shuɗiya, ba gardama.
Cokula ba su da gida yanzu, suna cikin safa.
Guntun katakon na jingine jikin taga,
kibiyar na kallon rufi.
Buta ta soma waƙa,
ni kuma na sha shayina a tsaye.