Ƙofar Gefen Dama

Kwana tara ke nan motata tana ƙaryata ni.
Na rufe ƙofa, ta ce a buɗe take.
Na sake bugawa har maƙwabci ya leƙo ta katanga,
jar fitilar dashbod ko gezau,
ga kuka kamar na gyare a kangon ɗaki
tun daga Unguwar Sanusi har gadar Kawo.

Da dare fitilar ciki ta ƙi barci.
In na fito alwala kafin assalatu
sai in tarar da ita tana haske a tsakar gida
kamar wani na zaune ciki yana jirana.
Gari na wayewa, batir ya mutu murus.
Yaran layi sun tura ni sau uku,
a na huɗu suka ce, Baba, mun makara makaranta.

Na kai ta Kurmin Mashi, rumfar Ishaya mai wayarin,
mutumin da ba ya gaisuwa sai ya goge hannu,
hannun kuma ba ya goguwa.
Ya zare fis ya ɗaga wa rana. Lafiya lau.
Ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya
yana danna harshen makulli da sukudireba
yadda likita ke latsa ciki yana kallon fuskarka.
Tawa ta amsa. Na baya suka amsa.
Ta gaba, gefen dama, ta yi gum.

Yaronsa Lawandi ya ce, Oga, ƙwaƙwalwar ce,
a je Panteka a sayo wata.
Ishaya bai ko ɗago ba.
Ya ce, ba a yanke ƙafa don ƙaya.

Ya kwance bangon ƙofar.
Ga sensa, ɗan mitsitsi, bai kai ɗan yatsa ba,
ruwan damina ya bar masa tsatsa.
Ya kankare, ya hure, ya ɗora mita.
Allura ta ce wannan ba shi da laifi.
Ya yi shiru har mai kunun aya ta wuce ta dawo.

Sannan ya durƙusa a maganaɗin ƙofa da jiki,
ya janye baƙar robar nan mai kama da maƙogwaro.
Wayoyi shida kwance a ciki.
Biyar da rigarsu.
Ɗaya ta saɓule, jan ƙarfenta a waje
yana lasar jikin mota.
Ya ce, ga ɓarawon.
Muddin tana taɓa ƙarfe, mota za ta rantse ƙofa a buɗe take.

Ya juya ta a tafin hannu.
Lanƙwasa ce ta cinye ta, Malam.
Buɗe, rufe, buɗe, rufe.
Amma ta riga ta direba gajiya,
wa ke zama nan?

Na ce masa, a gyara kawai.

Ina zan fara?
Shekara goma sha ɗaya Asabe ba ta taɓa shiga sau ɗaya ba.
Ta rufe, gyale ya maƙale,
ta buɗe, ta janyo, ta rufe,
ta tuna ta bar murhu, ta buɗe.
Ni kuwa ina ta huci a kan sitiyari.
Watan jiya muka yi sadakar arba'in.

Ishaya ya yanke, ya fere, ya haɗa baki da baki,
ya ɗiga dalma, hayaƙi ya tashi siriri,
ya naɗe da salatif, ya mai da roba.
Ya tura ƙofar da yatsa biyu. Ƙyas.
Fitila ta mutu.
Dubu uku, ya ce. Ban nemi ragi ba.

Na biyo ta Mando ba ƙara, ba ja a dashbod,
shirun har ya yi mini yawa, na kunna rediyo, na kashe.

Yau da asuba na fito da buta.
Tsakar gida duhu ƙirin.
Na tsaya kaɗan,
sannan na koma ɗaki neman tocila.