Tafin Hannu Huɗu

Daga Kwatano na hau ta, baƙa ce, Bajamusa,
cikinta na kusan shafar ƙasa.
In na taka ta sai ta yi ruri
kamar raƙumin da ake ɗaura wa kaya.
Doki ɗari uku, in ji takarda,
amma ƙafafun nan huɗu sun suɗe,
sumul kamar bayan ƙwarya.

Ran Lahadi, kasuwar Tawa ta batse,
na ratsa masu albasa da masu kanwa
har rumfar Nomau, can bayan tasha.
Ya dubi motar, bai ce ta yi kyau ba.
Ya durƙusa da ƙafarsa mai ɗingishi,
ya ce, "Illa, ina kake zuwa da ita?
Faɗa min hanya kafin in nuna maka taya."

Na ce Ƙonni, sau biyu a wata,
Yamai in aiki ya kira,
ƙauyen innata in an yi haihuwa ko rasuwa,
inda kwalta ke ƙarewa, burji ya karɓi tafiya.

Na nuna wasu, gwanjon Turai,
zanensu zuru-zuru, jika goma sha biyar.
Ya danna farce, robar ta lotsa.
"Don ƙanƙara aka yi waɗannan.
Ka kai su kwaltar bazara da azahar,
kafin Badagishiri sun zama man shanu.
Arha ce, amma irin wadda ke kai mutum makwanta.
In na sayar maka, da wane ido zan dubi Rakiya?"

To, ba ni masu tsadar can, na sama,
masu sirara kamar zobe, na masu tsere.
Ya ce, "Jika ɗari da ashirin guda.
A shimfiɗaɗɗen fili ba su da na biyu,
amma ramin farko bayan Tsarnawa
zai fito musu da ƙulu a gefe,
ka zauna gindin adua kana lissafin dukiya."

Sai ya mirgino wata, ba ta da suna mai amo.
Ya tofa yawu a yatsa, ya goge gefenta:
"Karanta lambobi huɗun nan.
Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara.
Bara aka haife ta, ba ta tsufa a sito ba.
Wannan harafin kuwa gudun da za ta jure,
ya fi abin da hankalinka zai yarda ka yi.
Ga kwaruruwa huɗu da ruwa zai bi ya fita,
ga kafaɗa mai kauri don tsakuwa.
Ba ta fi kowa a komai ba,
ba ta kuma kasa a ko'ina.
Jika hamsin da biyar. Ban rage dala, gaskiya."

Na yi ciniki duk da haka, don kar a ce.
Ya rage jika biyu, ya ƙara da faɗa:
a sa huɗu iri ɗaya, ban da gauraye,
a auna iska da safe kafin roba ta ɗumama.
Ya buɗe tafinsa, ya manna a ƙasa:
"Duk dawakin naka, a kan wannan suke tsaye.
Tafi huɗu. Ni guda ta fashe min a hanyar Abalak,
tun ran nan nake taka ƙasa da wuya."

Daren Alhamis hadari ya tare mu a Malbaza.
Ruwa ya kwanta bisa kwalta kamar tabarma,
manyan motocin albasa na watso mana laka.
Motar ta riƙe ƙasa, sitiyari bai yi rawa ba.
Rakiya na gyangyaɗi, Tsahara na barci a baya
da takalmi ɗaya a ƙafa.
Na dubi allura, tana kan saba'in.
Akwai sauran ɗari da wani abu a cikinta.
Na bar su nan, na kama hanya.