Gurbin Makau

Da asuba, a gangaren Kabala,
kogi na tafe da kaya a ka kamar mai ƙaura:
leda, robar lemo, warin takalmi,
da wata kumfa da ba ta sabulu ba.

Nan ubana Makau ya koya mini ƙirga.
Karfasa ɗaya, kurungu biyu,
minjirya kuwa ba a ƙirga ta da hannu,
sai wanda bai taɓa ji a jikinsa ba.

Shekarar da aka kulle masaƙa
kowa ya zama masunci,
har wanda ke tsoron ruwan kwata.
Koma ta yi yawa, kifi ya yi wayo,
tukunyarmu ta kwana uku a kife.
Daren na huɗu ya fita da kwalba a aljihu.
Bai ɗauki birgi ba.

Gari ya waye gurbi ya yi fari fat,
ciki sama, uwa da 'ya'ya,
har ƙwan da bai san rana ba.
Mun ci. Mun sayar.
Da kuɗin aka saya mini littafi da biro,
da su na koyi rubutun da kuke karantawa.
To, ku gaya mini, wa ke bin wa bashi?

Ruwa ba ya tsami banza.
Zalɓe ya tashi bai yi sallama ba,
bado ya daina buɗe ido.

Damina uku ke nan muna biya.
Ni da Shekwolo mai gonar alayyafo
mun dasa jema a gaɓa, tushe bayan tushe,
ambaliya ta kwashe rabi, muka sake.
Sarkin ruwa ya kafa gora da jan ƙyalle:
daga nan zuwa tsamiya, ba su, ba jifa.
Ragar da yatsa uku ba su shiga idonta,
a mai da ita shingen kaji.
Ɗan'azumi mai tifa ya zage mu tas,
ya ce yashi ba gadon uban kowa ba ne.
Har yau ba ma gaisawa,
amma ya koma ɗiba can ƙasa.

Makau ba ya gani yanzu.
Nakan riƙo sandarsa mu gangara,
ya zauna kan dutse yana saurare.
Wannan tarwaɗa ce, in ji shi,
ji yadda take shan iska.

Jiya na ga abu kwance a kan yashi,
tsawonsa bai kai taɓarya ba,
baki buɗe, yana shan hantsi.
Na ce, Baba, mai sunan garin ya dawo.

Ya yi shiru har inuwa ta matsa.
Sannan ya ce, yi ƙasa da murya,
kar yara su ji su zo da duwatsu.
Ya laluba ruwan da tafinsa,
ya daɗe bai cire ba.