Faranti Biyu a Valdivia

Kwana uku ruwa bai ɗauke ba.
Ta tagar ɗakin gwaji, kogin Calle-Calle
ya yi launin tsohon kwano,
ni kuma na sunkuya kan madubin ƙara girma
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Faranti biyu, uwa ɗaya.
Ƙwayoyin da ba su zama kowa ba tukuna,
ba suna, ba sana'a,
sun baje 'yan hannuwansu suna jira.

Ran Litinin na ɗiga wa na hagu furotin da muke kira Wnt,
ɗigon da bai kai hawayen sauro ba.
Na dama, wani saƙon na aika masa.
Shi wannan manzo ba ya shiga gida.
A ƙofa yake tsayawa ya yi sallama,
mai gadi ya raɗa wa na ciki,
na ciki ya ruga ƙuryar ɗaki
inda littafin gado yake a naɗe,
a buɗe wani shafi, a danne wani.

Yau kwana tara.
Na hagu sun miƙe, sun jeru, sun haɗa jiki
sun zama dogayen zarurruka.
Ɗaya ma ta motsa. Da idona na gani.
Ba ƙashin da za ta ɗaga, ba inda za ta,
amma ta ja.
Na dama sun dunƙule,
kowacce da 'yan tulunan mai a ciki.
Da na zuba rini, suka yi ja
kamar 'ya'yan murta a kwandon kakata.

Ban raina su ba.
Wanda ya san sanyin Yuli a garin nan
ba ya zagin kitse.

Sai dai Belisario, mahaifina,
shekara arba'in yana jan kwale-kwale daga Niebla,
ya sauke kifi a kasuwar bakin kogi
zakunan teku na yi masa kukan bara.
Damtsensa na lilo ne a gare ni.
Watan jiya likita ta haska mana hoton cinyarsa:
farin zane ya ratsa naman
kamar gishiri a jikin tsohon jirgi.
Yanzu da hannu biyu yake ɗaga buta,
ya ce butar ce ta ƙara nauyi.

Wa ke aika saƙo a jikinsa?
Wane manzo ne ya tsufa a hanya,
ko mai gadin ne ya kurmance?

Ƙarfe sha ɗaya ya kira.
"Eliana, me 'yan farantinki suka ce?"
Na ce, "Baba, ɗaya ta ja."
Ya yi shiru, ina jin ruwa a kan kwanon rufinsa.
"To, ki ba ta abinci," in ji shi.
"Ke ma ki ci."