Amanar da Ramlatu Ta Bari

Ranar da Ramlatu za ta koma makaranta
ba ta ce mini in kula da kaina ba.
Keji ta nuna, ta ce, "Baba, ga Tozali, ga Gujiya."
Ɓerayen Masar biyu, ba wutsiya, sai ci da tsegumi.
Ni mai gyaran agogo ne a Taminus,
shekara talatin da ɗaya ina sauraron ƙarfe,
ko kaza ban taɓa kiwo ba.

Mako na uku ruwa ya zauna wa Jos.
Kwana huɗu bango na gumi, tabarma na wari,
garin katakon da na shimfiɗa musu ya jiƙe ban sani ba.
Cikin dare na ji ƙas-ƙas-ƙas,
na zaci agogon wani ne ya farka a aljihuna.
Ashe Tozali ce take susa,
susar mai son tuɓe fatarsa ya huta.

Da safe na ɗaga ta.
Gashin kafaɗa ya zube, faɗin murfin kwalba,
wurin ya yi ɓamɓaroki, gefensa da jini.
Na maƙala gilashin aikina a ido,
wanda nake ƙirga haƙoran agogo da shi.
Ban ga komai ba sai sakacina.

Ɗanliti makanike ya ce baƙin mai,
wai haka kakansa yake yi wa awaki.
Gwaggo Tabawa ta ce toka da manja.
Na dubi dabbar, ba ta cika tafin hannu ba,
ga ta da lasar jiki kamar kyanwa.
Abin da ka shafa mata, shi za ta ci.
Na sa su a kwalin taliya, na hau motar Bukuru.

Dakta Kachollom ba ta yi mini dariya ba.
Ta kankari fatar kaɗan, ta ɗora a madubinta,
ta ce in leƙa.
Na ga wani abu mai gajerun ƙafafu yana iyo,
ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba balle a kama shi,
shi ya haƙa rami a jikin amanar 'yata.
"Kirci ne," in ji ta. "Da makero ne, da kai ma ka soma susa."
Ta auna nauyinsu a sikeli kamar masu zinariya,
ta ɗiga magani bayan kunne.
Na ce Gujiya ai lafiyarta ƙalau.
Ta ce, "Ɗaki ɗaya suke kwana, Malam."

Na ƙone shimfiɗa, na wanke keji da ruwan zafi,
na tsare rana a bakin ƙofa har ta busar da shi.
Yanzu kafin in buɗe shago sai na biya Farin Gada,
tattasai, ganyen karas, ɗan kabeji,
mai kayan miya yana tambaya ko na ƙara aure.
Sau uku muka koma Bukuru.
Ni da nake saita wa mutane lokaci
sai ga ni ina ƙirga kwana da yatsa.

In Ramlatu ta kira ta ce in nuna mata su,
Gujiya nake turawa gaban waya,
in ce Tozali tana barci.
Ƙarya uku na yi, ina sane da lissafinsu.

Jiya na shafa kafaɗar.
Wani gashi ne ya tsiro, gajere, mai laushi,
bai kai baƙin na da ba.
Na taɓa leda, ta yi ihun abinci har Ɗanliti ya leƙo.
Daren nan ba ƙas-ƙas, sai taunar ganye.

Ramlatu za ta dawo ran Asabar.
Za ta ga wurin, idonta ya fi gilashina.
Na ajiye mata takardar likita a ƙarƙashin kejin.